Ya ce ko shi ko aikin amsa waya, ga shi ana shirin sa mana rana

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekaruna 26, ina zaune da mahaifiyata da ƙannena uku a cikin birnin Kano. Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Bayan na gama difloma na sha zaman gida, kafin Allah ya ba ni aiki a wata cibiyar amsa kiran waya, inda muke sauraron koke-koken masu layi da Hausa da Turanci. Yanzu ina cikin shekara ta biyu. Albashin ba shi da yawa, amma da shi nake biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu da maganin hawan jinin Umma.

Aikin ya fara cin raina. Da na zauna na sa abin kunne, kira ne ke bin kira har a tashi. Wani an rufe masa layi, wani an cinye masa kati, duk ni za su zazzage wa. An zagi uwata, an zagi ubana da ke kabari, kuma dole in ce a yi haƙuri, mun gode da kira. Wasu da sun ji muryar mace sai su bar abin da ya kawo su, su koma neman lambata. Wata uku ke nan kunnena na dama yana yi min ƙara ko da na kwanta, muryata kuma tana yawan dushewa. Satin da nake dutin yamma sai ƙarfe goma na dare nake tashi. In na dawo gida ba na son kowa ya yi min magana, har Umma ta ce na canza hali.

Akwai wanda zan aura, ɗan kasuwa ne, an kawo kuɗin gaisuwa, ana maganar sa rana. Da can bai damu da aikina ba. Sai wani abokinsa ya kira layinmu ya faɗo kaina, ya gane muryata, ya je majalisa ya ba da labari. Suka dinga tsokanarsa wai amaryarsa ce ke hira da mazan gari. Tun ranar ya ce in zaɓa, ko shi ko aikin. Ya ce zai riƙa ba Umma wani abu duk wata. Umma ta ce in bi maganarsa kada auren ya lalace, amma na gan ta tana kuka a ɓoye. Ina son sa, Anti. Ni kaina wani lokacin nakan ji kamar in ajiye aikin in huta, amma ina tsoron abin da zai biyo baya. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga cikin birni

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Umma lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kika ɗauka tun ba ki isa ɗaukarta ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne lokacin da maganar saurayin nan ta zo. Ta same ki kina gajiye, kunne na ciwo, zuciya ta cika da zagin mutanen da ba ki san su ba. Wanda ya gaji, duk ƙofar da aka buɗe masa sai ya ga ita ce mafita. Ina jin tsoron ki ajiye aiki don gajiya ki ɗauka biyayya kika yi, sannan bayan wata shida, in kin huta, kin warke, ƙanenki ya dawo daga makaranta an koro shi, ki fara kallon mijinki a matsayin wanda ya raba ki da abin hannunki. Don haka kada ki ba shi amsa a wannan makon. Ki ce masa kin ji, kin kuma ɗauki maganarsa da muhimmanci, kina neman wata ɗaya. Mai son aurenki da gaske ba zai kasa jiran wata ɗaya ba.

A cikin watan nan, kunnenki za ki fara dubawa, don shi ne ba ya jira. Ƙara a kunne ɗaya har wata uku ba abin da za a bari ba ne ana cewa zai wuce. Ki je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, ki gaya wa likita irin aikin da kike yi da awa nawa kike yi da abin kunne, ki nemi a yi miki gwajin ji. Ki ambata masa dushewar muryar ma, tunda sashe ɗaya ne. Kafin nan kada ki ɗiga komai a kunnen, ko mai ko maganin da wata ta ce ya yi mata aiki, kada kuma ki riƙa sa tsinken auduga. Ki rage ƙarar na'urar zuwa daidai inda za ki ji magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya shi ne ƙarar da ba ta wuce ma'auni 80 na desibel ba, tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin ƙara yana rage wannan lokacin sosai. Matsalar ɗakin amsa kira ita ce kowa na magana a gefenki, sai ki ƙara sauti don ki ji naki, haka kowa ke yi. Idan na'urarki mai kunne ɗaya ce, ki riƙa sauya kunne, ko ki nemi mai rufe kunne biyu wadda ke tare hayaniyar ɗaki. Ki ajiye gorar ruwa a gabanki kina kurɓa, ki daina yawan gyaran murya da ƙarfi.

Duk takardar da likita ya ba ki, ki yi kwafi ki adana, ki kuma sanar da wurin aikinku a rubuce. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta haɗa da lalacewar ji ta dalilin aiki. Idan kika tafi shiru ba tare da an rubuta komai ba, daga baya zai yi wuya ki nuna cewa a bakin aiki abin ya same ki.

Sai zagin. Wanda ya zagi mamaci saboda katin naira ɗari biyu ya yi abin kunya, kuma ba zan ce miki ki saba da shi ba. Amma akwai abin da zai rage miki zafinsa. Mutumin da ke ihu a kunnenki bai san ki ba, da kamfani yake faɗa, ke ce kawai muryar da ya samu. Tun daga Disambar 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, an rufe layukan mutane da yawa, wasu da su suke kasuwanci, wasu ta nan saƙon banki ke shigo musu. A farkon 2025 kuma hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Mai kayan miya da ya sa data ta ƙare kafin la'asar, ya kira 300, layin koke na kamfanin, ya jira minti goma yana jin kiɗa, da wutarsa yake isowa wurinki. Wannan bai wanke shi ba. Na faɗa ne don ki daina ɗaukar zagin zuwa gida kamar wani hukunci ne aka yanke a kanki.

Ki je wurin shugaban sashenku ki tambaya a fili: mece ce ƙa'idar wurin nan idan mai kira ya yi zagi ko batsa? Cibiyoyi da yawa suna ba ma'aikaci dama ya yi gargaɗi, in mai kiran bai daina ba a katse ko a miƙa wa na sama, sai dai ba kowane sabon ma'aikaci ake gaya wa ba. Tunda ana naɗar kiran, shaida tana nan, ki rubuta lokacin da abin ya faru. Masu neman lamba kuwa jimla ɗaya ta ishe su, ba dariya ba tsawa: wannan layin aiki ne, akwai abin da zan taimaka maka da shi game da layinka? In ya sake, ki bi ƙa'idar. Wanda kuma kika ga kokensa ya fi ƙarfinku, ki sanar da shi cewa hukumar NCC tana da layin koke kyauta, 622, in dai an ba ku damar faɗa.

Shirun da kike yi a gida kuwa ba canjin hali ba ne. Wadda ta wuni tana tausasa murya ga baƙi, in ta dawo maganar ta ƙare mata. Ki gaya wa Umma haka da bakinki. Ki ce mata in kin shigo ta ba ki rabin awa ki yi wanka, ki yi sallah, ki ci abinci, sannan ki zo ki zauna kusa da ita. Uwa tana iya jure gajiyar 'yarta in ta san dalili, abin da ke damunta shi ne ta zaci da ita ake fushi. Idan kuma abin ya kai ba kya barci, ko kina kuka ba dalili, ko gabanki na faɗuwa da kin ji waya ta yi ƙara, ki haɗa da wannan a abin da za ki gaya wa likita.

Yanzu saurayinki. Ba zan yi saurin ce masa azzalumi ba. Ki sa kanki a wurinsa: yana zaune cikin abokai, wani ya kwaikwayi muryarki, aka kwashe da dariya. Namijin Kano zai iya jure asarar dila guda ta atamfa, amma a yi dariya da sunan wadda zai aura a majalisa, wannan yana shiga har ƙashi. Kunya ce ta kama shi, kishi ya biyo baya. Kuma cewar da ya yi zai riƙa taimaka wa Umma ta nuna bai manta da halin gidanku ba. Wannan abin yabo ne.

Sai dai ki lura, fiye da shekara guda kina wannan aikin yana sane, bai ga aibinsa ba. Aikin bai canza ba, ke ma ba ki canza ba. Abin da ya faru shi ne wani aboki ya kasa riƙe bakinsa. Wanda ya kamata ya ji kunya shi ne mutumin da ya kira neman taimako, aka taimake shi cikin mutunci, ya je ya mai da matar abokinsa abin hira. Ina so saurayinki ya ga wannan da kansa, domin idan tsokanar majalisa ce za ta riƙa yanke hukunci a gidanku, yau aiki ne, gobe zuwa gidan Umma ne ko komawa karatu.

Kalmar hira da suka yi amfani da ita ma ba gaskiya ba ce, kuma ya kamata ya sani. Ke da kike ciki kin san kowane kira ana naɗarsa, akwai masu bi suna saurare suna ba da maki, akwai agogon da ke ƙirga miki daƙiƙa nawa kika yi da kowane mutum, akwai kalmomin da aka tsara miki na buɗewa da rufewa. Ba ki ganin kowa, ba mai ganinki. Mai sayar da kaya a shago ya fi ki cuɗanya da jama'a nesa ba kusa ba, shi kansa mata nawa yake ciniki da su a wuni? Ki zayyana masa yadda wuninki yake tun daga shiga har fita. Da yawan maza ba su taɓa tambaya ba, tunaninsu ne kawai ke cika musu gurbin.

Kuma sana'a ce mai asali. A 1878 a birnin Boston na Amurka, samari aka fara ɗauka suna haɗa kira, suka riƙa yi wa masu kira rashin kunya, sai aka ɗauki wata mata mai suna Emma Nutt, daga nan aikin ya koma hannun mata saboda haƙuri da iya magana. Mu da muka ga zamanin NITEL, tsohon kamfanin waya na gwamnati, a Kano, lokacin da ake danna 064 kafin a samu garin nan, mun san yadda ake girmama ma'aikacin waya, don layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Daga Agustan 2001 da wayar hannu ta shigo zuwa yau sun haura miliyan 150, kuma cikin masu su akwai tsohuwar da ba ta jin Turanci, da manomin da aka yi wa damfara ta waya bai san inda zai kai kuka ba. In suka danna Hausa suka ji muryarki, ke ce kika fitar da su. Ban ga abin sunkuyar da kai a nan ba.

Idan ya kawo maganar addini, kada ku yi gardama ku biyu. Abin da aya ta 32 cikin Suratul Ahzab ta hana shi ne lanƙwasa murya, ta kuma yi umarni da faɗin magana ta alheri. Ku je wurin malamin da shi kansa ya yarda da shi, a faɗa masa yadda aikin yake ba ƙari ba ragi, ku ji fatawa tare.

Inda nake ganin yana da gaskiya, ko da bai faɗa ba, shi ne tashin ƙarfe goma na dare. Wannan ni ma ya dame ni. Tun a Yulin 2022 gwamnatin jiha ta taɓa hana 'yan adaidaita sahu aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda tsaro, ga kuma masu ƙwacen waya da kowa ya san halinsu a garin nan. Ko da aure ko ba aure, ki nemi a mai da ke dutin safe, ko kamfani ya ba da motar da za ta kai ku gida, ko ki sami ɗan sahu ɗaya amintacce da Umma ta san gidansu. Ki tambaya kuma ko akwai gurbi a ɓangaren da ba a magana da baki: masu amsa saƙon rubutu ta WhatsApp da imel, masu sauraron kiran da aka naɗa suna tantancewa, masu horar da sababbi. Mai fiye da shekara guda a kan layi, mai Hausa da Turanci, tana da abin da za ta nemi wannan da shi, takardar likita kuma za ta ƙarfafa buƙatarki. In aka dace, kin huta da zagi, kunnenki ya huta, shi ma abin da yake ƙorafi a kai ya kau. Daga nan za ki gane ko muryar ce damuwarsa ko fitar ce gaba ɗaya.

Umma kuwa, bakinta ya ce ki bi shi, hawayenta sun faɗi sauran. Tana tsoron a ce ita ta hana 'yarta aure don abin duniya, tana kuma tsoron ranar da za ta miƙa wa suruki hannu. Kin san nauyin da ke tsakanin uwa da mijin 'yarta a wurinmu, ko sunansa ba za ta kira ba, balle ta aika a ce masa wata ya ƙare magani ya yanke. Alkawarinsa na iya zama da zuciya ɗaya, amma kasuwa yau riba gobe akasi, ga hidimar sabon gida, ga nasa iyayen. Ciyar da ke wajibinsa ne, ciyar da ƙannenki kyautatawa ce, ranar da ya kasa ba wanda zai kama shi da laifi. Ki zauna ke da Umma da biro da takarda, ku rubuta abin da gidan ke ci a wata: magani, kuɗin makaranta, abinci, wuta, haya in akwai. Da wannan lissafin za a yi magana, ba da "wani abu" ba.

Kuma maganar ta wuce ta zaure tsakanin saurayi da budurwa. Tun ran gini ran zane. Ki sami baffanki ko wanda zai zama waliyyinki, ki gaya masa komai, har da kukan Umma. Shi zai kira magabatan yaron a zauna kafin a sa rana, a fitar da matsaya a gaban shaidu, in da hali a rubuta. Malamai suna da bayani mai faɗi kan irin sharaɗin da ke ɗaure miji da wanda cika shi kyautatawa ce kawai, don haka a sa malami a zaman ya faɗa muku matsayin abin da kuka amince a kai. Ko ba komai, namiji yana jin nauyin maganar da ya yi a gaban baffanninsa fiye da wadda ya yi a zance.

Abin da nake ganin ya fi dacewa a kai wa zaman shi ne ki ci gaba da aiki da rana kawai, a ɓangaren rubutu in an samu, har ƙanenki na gaba ya kammala ya fara kawo wani abu, sannan a sake dubawa. Idan ya dage sai kin bari, kuma ke ma bayan kin huta kin ga hakan ya fi miki, to kada ki fita hannu sake. Ya ba ki jari takamaimai kafin ki miƙa takardar ajiye aiki, wanda zai zama naki, ki yi sana'ar da za ki iya daga gida. Wadda ta iya lallashin mai fushi ta waya ta riga ta iya rabin ciniki, kuma 'yan kasuwar Kwari da na Farm Centre da yawa suna neman mai kula musu da saƙonnin masu saye a intanet. Shi kansa zai amfana da ke a nan. In kina son ƙarin takarda, cibiyar horarwa ta Digital Bridge ta hukumar NCC tana da reshe a Kano, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN ma ana karatunta daga gida.

Kafin ki sa hannu a komai, ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta. Yawancin masu amsa kira ba kamfanin layin ne ya ɗauke su kai tsaye ba, ɗan kwangila ne, don haka ki san wa ke biyanki da kuma notis na kwana nawa ake so ki bayar, kada a riƙe miki albashin ƙarshe. Ki duba ko ana zuba miki fansho: dokar 2014 ta ce kashi 8 daga albashinki, kashi 10 daga mai aiki, kuma kuɗin naki ne ko kin bar wurin. Ki karɓi takardar shaidar aiki, ki rabu da su lafiya don ƙofa ta zauna a buɗe.

Akwai kuma abin da ba na so in ɓoye miki. Idan aka kawo masa duk wannan, dutin rana, ɓangaren rubutu, zaman manya, ya ƙi ko sauraro, ya kuma ƙi faɗin abin da zai ɗauka a gaban shaidu, to ya nuna miki yadda zai riƙa yanke hukunci bayan aure. A nan sai ki yi istihara, ki bar baffanki ya jinkirta sa ranar. Jinkirin wata biyu ko uku ba ya kashe auren da Allah ya nufa, kuma kuɗin gaisuwa ba igiya ba ne. Ina fata ba za a kai nan ba, don a wasiƙarki na ga mutumin da aka kunyata ne, irinsu kuma sukan sauko in an ba su hanyar da za su sauko da mutuncinsu.

Gobe da safe ki fara da asibiti, ki tafi da katinki da wuri don layi. In kin ji sakamakon gwajin, kin kuma ga baffanki, ki sake rubuto min in ji yadda aka yi. Ki gaida min Umma.